Ko Dabarun da A Ke Yi wa Injin Mota Suna Ƙara Masa Ƙarfi?

Jawabi domin Hakimai da Malamansu



Maganar yau magana ce ta injin mota, da irin taɓe-taɓen da direbobi da kanikawa su ke yi masa, wai don ya ƙara ƙarfi, ko ya rage shan mai, ko ya daina zafi. Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan hakimi da cikin inji, ai wannan sha'anin masu gareji ne. To, da ruwansa ƙwarai. Hakimi yana da mota, ko tasa ta kansa ko ta ofis, kuma duk abin da direba ya sa aka yi mata, daga aljihun wani za a biya. In rigima ta tashi tsakanin mai mota da bakanike, sau da yawa zauren hakimi a kan fara kawo ta kafin a wuce gaba. Abin da ya fi duka nauyi kuwa shi ne motocin haya masu ɗaukar talakawa ran kasuwa. In ɗaya ta faɗi, a gundumar hakimi za a yi jana'iza.

Tun ran 29 ga Mayu, 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, mai ya yi tsada, sai gardamar nan ta ƙara zafi a tashoshi. Jama'a sun rabu biyu. Waɗansu suna cewa Turawa da Japanawa sun ƙera motocin nan ne domin ƙasashensu masu sanyi da ƙanƙara, sun cusa musu tarkace iri iri saboda dokokin garinsu, mu kuwa a ƙasar zafi mu ke, saboda haka bakaniken da ya shekara ashirin hannunsa cikin baƙin mai ya fi littafin mota sanin abin da ya dace da mu. Waɗansu kuwa suna cewa maƙeran nan sun kashe dukiya da shekaru suna gwaji kafin su fito da inji guda, me mai sifana da filaya a gindin bishiya zai ƙara a kai?

Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya. Saboda haka za a ɗauki dabarun nan ɗaya bayan ɗaya, a duba abin da kowace ta ke yi a cikin inji. Amma sai an fara sanin daga ina ƙarfin ya ke fitowa.

YADDA INJI KE SAMUN ƘARFI

Injin fetur da a ke aiki da shi yau yana bin tsarin da wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya kammala a shekarar 1876. Fistin yana hawa yana sauka cikin silinda, kuma aikinsa hawa huɗu ne. Ya sauka ya shaƙo iska da mai. Ya hau ya matse su. Fulogi ya ba da wuta su kama, ƙarfin ƙunar ya turo shi ƙasa. Sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Cikin huɗun nan guda ɗaya kaɗai ke ba da ƙarfi, sauran ukun hidima su ke yi mata.

Abin lura shi ne mai ba ya ci sai da iska, kuma da ma'auni. In an auna da nauyi, kowane kashi 1 na fetur yana bukatar kashi 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Watau lita guda ta fetur tana bukatar iska wajen lita 9,000. In an zuba mai fiye da abin da iskar ke iya ƙonawa, rarar sai ta fita ta salansa, an biya kuɗinta ba ta tura mota ko taku ɗaya ba. Kamar murhu ne: mace ta cika shi da itace ta toshe bakin, hayaƙi za ta samu, tuwo ba zai nuna da wuri ba.

Direbobin da ke hawa Jos sun san wannan ko ba su san dalili ba. Jos tana bisa tudu wajen mita 1,200 daga gaɓar teku, iskar can ba ta kai ta Legas kauri ba. Injin da ba shi da tobo ya kan rasa wajen kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100 da ya hau, saboda haka motar da ke da lafiya lau tana rasa fiye da kashi 10 cikin 100 in ta isa can. In ta gangaro sai ƙarfinta ya komo, ba wanda ya taɓa ta.

Ke nan duk dabarar da aka kawo, tambaya guda za a yi mata: tana sa inji ya shaƙi iska fiye da da, ya ƙone ta da kyau? In ba ta yi wannan ba, ba ta ƙara ƙarfi ba.

CIRE TAMOSTAT

Wannan ita ce dabarar da ta fi yawa. Da wuya motar Kwatano ta kwana biyu a hannun sabon mai ita ba a ce masa a cire mata tamostat a haɗa fanka kai tsaye ba. Tamostat wata 'yar ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. In inji na da sanyi tana rufe, ruwa ya yi ta zagaya cikin inji har ya ɗumama. In zafin ya kai wajen digiri 80 zuwa 90 sai ta buɗe da kanta, ruwa ya wuce lagireto ya sha iska.

Masu cirewa suna cewa ƙasarmu da ma da zafi, me za a yi da abin ɗumama inji? To, a duba lissafi. Ranar da bazara ta fi tsanani a Sakkwato ko Maiduguri, zafin gari ya kan haura digiri 40 da 'yan kai. Inji kuwa an ƙera shi ya yi aiki a wajen digiri 90. Watau ranar da ta ke ƙona mutum, wajen inji rabin abin da ya ke bukata ne, balle safiyar hunturu.

Ga abin da ke faruwa in an cire. Inji ya kan daɗe bai kai zafinsa ba, wani lokaci ma a doguwar hanya ba ya kaiwa sam. Motocin zamani suna da kwamfuta mai auna zafin ruwa, in ta ga sanyi sai ta ɗauka yanzu aka ta da mota, ta yi ta ƙara mai. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya tsiyaya ƙasa ya tsinka wanda ke cikin inji, ringi da fistin su yi ta cin juna. Mai mota yana murna allurar zafi ba ta tashi, alhali kuwa aljihunsa ne ke yoyo. Har wa yau a injuna da yawa tamostat ce ke rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba. In babu ita hanyar nan a buɗe ta ke kullum, sai ka ga motar da aka cire wa tamostat don kada ta yi zafi ta tafasa a kan tudu.

Amma fa kanikawa ba daga sama suka tsinci maganar ba. Tamostat ta kan tsufa ta maƙale a rufe, ruwa ya kasa zuwa lagireto, mota ta tafasa nan da nan. In haka ta faru a daji, cire ta don a isa gari daidai ne. Kuskuren shi ne a bar motar haka. Sabuwa a ke sawa. In kuwa tamostat lafiyarta lau mota na zafi, to, ciwon yana wani wuri: ko lagireto ya toshe da tsatsa da dattin ruwan rijiya, ko murfinsa ya daina riƙe iska, ko famfon ruwa ya gaji, ko gaskit ya ƙone. Murfin nan ma da a ke rainawa, shi ke sa ruwan da ya kamata ya tafasa a digiri 100 ya jure har wajen 120. Wanda ya toshe bakin lagireto da tsumma ya zubar da wannan rata.

SALANSA DA ABIN DA KE CIKINTA

Samari su kan huda salansa, ko su sauya ta da ƙaton bututu, mota ta riƙa ruri, su ce ta buɗe. A nan kunne ne ke yaudarar mutum. Ƙara daban, ƙarfi daban. Tsawon bututun hayaƙi da faɗinsa lissafa su aka yi, don hayaƙin da ya fita daga silinda guda da gudu ya taimaka wajen jawo na mai bi masa. In an faɗaɗa bututu fiye da kima hayaƙi ya kan rage gudu, sau da yawa mota ta rasa kuzarin tashi da lodi, wanda shi ne abin da mai motar haya ya fi bukata.

Akwai kuma wata tukunya a jikin bututun wadda kanikawa ke kira indomi, don cikinta ƙananan ƙofofi ne jere kamar taliyar nan. Aikinta ta juyar da mafi yawan dafin hayaƙi ya zama mara lahani kafin ya fita. Motocin Amurka sun fara zuwa da ita a 1975, a Turai kuwa ta zama tilas ga sababbin motocin fetur daga 1993. Muddin tana da lafiya, abin da ta ke tare wa inji kaɗan ne ainun. Amma in fulogi ba ya ba da wuta sosai, ko inji na cin baƙin mai, ta kan narke ko ta toshe, mota ta shaƙe kamar mai mura. Sa'an nan in aka fasa ta mota ta kan farfaɗo, mai ita ya rantse an ƙara mata ƙarfi. Ƙarfinta na da ne ya komo, ciwon da ya toshe tukunyar kuwa yana nan bai tafi ba.

Ya kamata hakimai su san wani abu game da tukunyar nan. An shafe cikinta da ƙarafa masu daraja, watau filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma akwai masu sayenta da tsada. Saboda haka ba kowane mai cewa a cire ba ne ya ke faɗa domin lafiyar motar. In an kawo ƙara irin wannan, a tambayi bakanike ina abin da ya cire, wa ya ba.

Bayan haka, da zarar an cire ta, fitilar gargaɗi ta kan kama a gaban direba ta zauna. Direba ya saba da ganinta, ran da ciwo na gaske ya zo ba abin da zai sanar da shi. Hayaƙin kuma da ke fita daga hudajjiyar salansa yana iya shiga cikin mota ta ƙasa. A cikinsa akwai wata iska mai guba, ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da gyangyaɗi, in ta yi yawa ta kashe. Direban da ya rufe gilasai saboda hunturu yana tafe da dare, fasinjoji na barci, shi ne ya fi shiga hatsarinta.

FILTAR ISKA

Waɗansu su kan zare filtar iska su yar, ko su huda ta da ƙusa, wai inji ya numfasa. An riga an ce lita guda ta fetur tana tafe da iska lita 9,000. Tanki mai cin lita 50 ke nan iska lita 450,000 za ta ratsa inji kafin ya ƙare. A tuna da ƙurar hanyar burji, da hazon hunturu. Ƙurar nan yashi ne mai laushi, in ta gauraya da baƙin mai sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye ringi da silinda. Abin da aka samu na ƙarin iska bai taka kara ya karya ba, abin da aka rasa kuwa inji ne sukutum.

A 2009 wata ma'aikatar bincike ta gwamnatin Amurka da ke Oak Ridge ta gwada motoci da toshasshiyar filta da sabuwa. Aka tarar a motocin zamani masu injekta, toshewar filta tana rage kuzarin tashi, amma ba ta ƙara shan mai wani abin a zo a gani, don kwamfuta na rage mai daidai da iskar da ta samu. A tsohuwar mota mai kafireto kuwa har shan mai tana ƙarawa. Maganin duka biyun ɗaya ne, a sauya filta in ta cika, a ƙasar ƙura kuma a riƙa duba ta da wuri.

BAƘIN MAI MAI KAURI

Akwai masu cewa mai tsinkakke na Turawa ne, mu sai mai kauri. Wannan magana ta samo asali ne daga zamanin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Injuna irin nata sun dace da mai kamar 20W-50. Injunan yanzu kuwa hanyoyin mansu ƙanana ne, ratar da ke tsakanin ƙarafansu 'yar mitsitsiya ce, waɗansu ma da matsin baƙin mai su ke sauya lokacin buɗewar bawul. In littafin mota ya ce 5W-30 aka zuba mata mai kauri, da safe man ya kan yi jinkirin isa saman inji, kuma inji na kashe wani abu daga ƙarfinsa wajen tura shi. Gaskiya ne tsohon injin da ya gaji ya kan rage ƙara da hayaƙi in an ba shi mai kauri. Wannan lallaɓawa ce kafin a sami kuɗin gyara, kada a ɗauke ta a matsayin ƙarin ƙarfi.

FAMFON MAN GAS

Direbobin manyan motoci su kan sa a karya hatimin famfon injekta a buɗe shi ya ƙara ba da mai. A nan dole a faɗi gaskiya, motar ta kan ƙara ja. Dalili kuwa injin gas yana shaƙar iska fiye da bukatarsa, saboda haka akwai 'yar rarar da za ta ƙone ƙarin mai. Amma rarar tana da iyaka, kuma da gangan maƙera suka bar ta don inji ya daɗe. In an wuce ta, sai baƙin hayaƙin nan da a ke gani yana turnuƙe hanya in babbar mota na hawan tudu. Hayaƙin nan man gas ne da aka saya bai ƙone ba. Zafin cikin silinda kuma ya kan hau har fistin ya tsage ko ya narke, inji ya buga a tsakiyar daji da kayan mutane. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

KAFUR DA MAGANAƊISU

Sai masu tallar magungunan rage shan mai. Wani ya ce a jefa kafur a tanki, wani ya kawo maganaɗisu a ɗaura a bututun mai, wani kuma 'yar na'ura ce a ke soka wa mota. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan fiye da 100 tun daga shekarun 1970, ba ta sami ko ɗaya da ya rage shan mai ragi mai yawa ba, waɗansu ma lahani su ke yi wa inji. Maganaɗisu ƙarfe ya ke ja, ba ruwansa da fetur. Mai hankali ya tambayi kansa, da a ce abin naira kaɗan zai rage sulusin shan mai, da kamfanonin da ke gasa da juna kan kowace lita sun bar shi a kan tiren mai talla?

INDA MASU TAƁA INJI KE DA GASKIYA

Kada a tashi daga nan a ce ba a iya ƙara wa inji ƙarfi. Ana iyawa. Masu tseren motoci suna faɗaɗa silinda, su sauya bawul, su ɗora tobo, watau famfon da hayaƙi ke juyawa yana cusa wa inji ƙarin iska. Injin da ya zo da tobo kuma, in an sauya lissafin kwamfutarsa, ƙarfinsa ya kan ƙaru ƙaruwa ta gaske. Duk waɗannan sun amsa tambayar da aka yi da fari, don iska su ke ƙarawa. Amma masu wannan aiki suna da na'urar auna ƙarfin inji, su auna kafin su taɓa, su auna bayan sun taɓa. Suna ƙara girman birki da lagireto da kuloci. Sun kuma yarda tun farko cewa injin ba zai yi tsawon rai ba, su kan kwance shi su sabunta a kai a kai. Mai motar da ke ciyar da iyali da ita ba shi da wannan hali.

Haka kuma mai da mota ta yi aiki da iskar gas ta CNG, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa wa shiri na musamman a 2023. Wannan yana rage kuɗin mai, ko da ya ke ƙarfin motar ya kan ragu kaɗan. Sai dai aikin ba na gida ba ne. Matsin da ke cikin tukunyar CNG ya ninka na tukunyar gas ɗin girki fiye da sau 10. A watan Oktoba, 2024, wata mota ta fashe a gidan mai a birnin Benin ana cikin zuba mata gas, mutane suka ji rauni, hukuma kuwa ta bayyana cewa tukunyar da ke jikinta haɗin walda ce, ba wadda aka amince da ita ba. Duk wanda zai yi wannan juyi ya tafi cibiyar da hukuma ta yarda da ita, ya karɓi takarda.

GUDU DA BIRKI

A ce ma dabara ta ci, an sami ƙarin ƙarfi kashi 10 cikin 100. Me za a samu? Iskar da ke tare gaban mota tana ƙara nauyi ƙwarai da ƙaruwar gudu, har ya zama ƙarin nan wajen kashi 3 cikin 100 na gudu kaɗai zai bayar. Motar da iyakarta kilomita 150 a sa'a sai ta kai 155. Doka kuwa ta tsayar da ƙananan motocin gida a 100 bisa babbar hanya mai tagwaye. Kowace mota mai lafiya ta riga ta fi ƙarfin abin da doka ta yarda.

Birki kuma bai san an taɓa inji ba. In gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke ci kafin birki ya tsai da ita ya kan ninka huɗu. Daga 80 zuwa 100 kaɗai, nisan ya ƙaru da fiye da rabi. A cikin ratar nan ne yaro mai kora awaki ya ke tsallake titi. Shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu a 2017.

GANI YA KORI JI

Saura tambaya guda. In dabarun nan ba su da amfani, don me mutane masu gaskiya ke rantsuwa sun ga canji? Dalili na fari, bakanike ba ya taɓa abu ɗaya. Ran da ya cire tamostat, ran nan ya wanke lagireto ya sauya fulogi, sai a ba cirewar ladan wankin. Na biyu, wanda ya biya kuɗi zuciyarsa na son ta ga amfani, kuma ya kan lallaɓa totur kwana biyu yana sauraron mota, lallaɓawar ce ke rage mai.

Maganin gardama awo ne, kuma a nan ne aikin malamin hakimi ya shigo. A cika tanki har baki, a rubuta lambar kilomita da ke gaban direba. A yi tafiya yadda aka saba. A komo famfon nan dai a sake cikawa, a rubuta lita nawa ta sha da kilomita nawa aka yi. A raba kilomita da lita. Alal misali, in an yi kilomita 400 ta sha lita 40, kowace lita ta kai kilomita 10 ke nan. A yi haka sau uku kafin a taɓa mota, sau uku bayan an taɓa, direba ɗaya, hanya ɗaya, lodi ɗaya. Abin da littafi ya nuna shi ne shaida.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI DA MALAMANSU

1. Kowace motar ofis ta kasance da littafinta a hannun malami, a rubuta man da aka zuba, da kilomita, da kowane gyara da ranarsa.

2. Kada direba ya sa a cire wa mota kome sai da iznin hakimi. Duk abin da aka cire a kawo shi a gani.

3. In mota na zafi ko ta rasa ƙarfi, a ce wa bakanike ya faɗi dalilin ciwon kafin ya faɗi magani.

4. A kashe kuɗi inda amfani ya tabbata: fulogi mai kyau, filta mai tsabta, baƙin man da littafin mota ya ambata, da iskar taya daidai, gama taya mai saɓa-saɓa tana ƙara shan mai. A kuma rage lodin da ya wuce kima.

5. In an kawo ƙara tsakanin mai mota da bakanike, a tambaya wa ya ba da umurni, me aka cire, ina ya ke. In maganar ta shige duhu a nemi jami'in duba lafiyar motoci ya gani da idonsa.

6. Hakimi ya tara shugabannin tasha da na kanikawa na gundumarsa, a karanta musu wannan bayani, a saurari abin da za su ce. Kada a wulakanta su. Mutane ne masu basira, da kayan aiki kaɗan su ke ta da motocin da a wata ƙasa an daɗe da zubarwa, kuma in sun ga dalili su ne za su fi kowa yaɗa shi.

Mota amana ce a hannun direba, fasinja kuma amana ne a hannun su duka, har da mai ƙasar da hanya ta ratsa. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.